Tambari Mai Walda da Kaburburan Marasa Suna

Yatsu tara ne da shi. Duk wanda ya taɓa miƙa wa Tambari mai walda hannu ya san haka, domin a hannunsa na dama, tsakanin ɗan yatsan tsakiya da ɗan ƙaramin, ba abin da ya rage sai ɗan dungu mai sheƙi. Bai taɓa ɓoye shi a aljihu ba. Da hannun nan yake walda, da shi yake cin tuwo, da shi kuma ya haƙa kaburburan da kowa ya ƙi haƙawa a Tungar Marke, wani ƙauye da ke gefen hanyar Ƙaura zuwa Zurmi, ba nisa da Dauran.

Ba mutum ne mai magana ba. In ka kawo masa garmar shanu ta karye, ba zai tambaye ka yadda aka yi ba. Zai juya ta sau biyu, ya ajiye, ya ce ka dawo bayan la'asar. In ka dawo za ka tarar da ita a jingine, an haɗa ta tsaf. Masu wa'azin kasuwa da 'yan siyasa da masu tallar magani, duk kallo ɗaya yake yi musu.

Yana da shekara goma sha tara ya hau jirgin ƙasa a Ƙaura ya yi kudu neman aiki. Yawo ya kai shi wani babban kamfanin ƙarfe da Rashawa ke ginawa a bakin kogin Kwara. Lebura ya fara. Foman ɗinsa wani Barashe ne mai jan wuya, sunansa Anatoli, wanda ya lura yaron ba ya zama in an ce a huta, sai dai ya tsaya bayan masu walda yana kallo. Shi ya fara ba shi gilashin walda ya ce ya gwada. Da guntun Turanci da nuni da hannu suke magana, haka har shekara huɗu.

Ɗan yatsan kuwa garajensa ne ya cinye shi. Ana sauke wani faifan ƙarfe, bai jira ya zauna ba ya sa hannu zai gyara katakon da ke ƙasa. Ƙarfen ya sauka. Bai ma ji zafi ba sai da ya ga jini na tsartuwa a kan takalminsa. Anatoli ya tuɓe rigarsa ya naɗe hannun, ya ɗauke shi a kafaɗa kamar buhu har wurin likita.

Bayan mako biyu, suna zaune a kan wasu bututai da tsakar rana, Anatoli ya buɗe nasa hannun yana ƙirga masa yatsu da yarensu. Wannan babba. Wannan na nuni. Wannan na tsakiya. Da ya zo na huɗu sai ya ce, bezimyanni. Ya raba masa kalmar biyu: bez, wato babu; imya, wato suna. Marar suna. Ya ce ya ji tsofaffinsu na cewa mutanen da tsoron wannan ɗan yatsa suke yi, wai da shi ake haɗa magani da tsafi, sai suka riƙa ɓoye sunansa har aka manta da shi. Ya ce shi dai ba zai rantse a kan haka ba. Ya daki bayan Tambari yana dariya, ya ce ya yi sa'a, wanda ba shi da suna ya rasa, ba wanda zai zo cigiya.

Sai kuma dariyar ta ƙare. Ya ce a ƙasarsu da wannan kalma ake kiran rafin da ba a raɗa wa suna ba, da tudun da ba a raɗa wa suna ba, da kabarin da ba a san mai shi ba, kuma kaburbura irin waɗannan sun fi ƙarfin ƙirga. Ubansa ya tafi babban yaƙin duniya shi yana goye. Takarda ta zo cewa ya ɓace. Ba a ce ya mutu ba, ɓacewa aka ce. Uwarsa ta yi kusan shekara arba'in ita ba matar aure ba, ita ba wadda miji ya mutu ya bari ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ta gyara ɗankwali kafin ta buɗe. A haka ta mutu. Ya ɗauki guntun waya ya zana wa Tambari harafin farko na kalmar a ƙasa. Kamar lamba shida ce da aka yi wa rufi.

Aikin kamfanin ya yi sanyi, Rashawa suka watse, Tambari ya dawo gida da yatsu tara da sana'a. Ya kafa rumfar kwano a bakin kasuwa, ya sayi tsohon janareta, ya auri Asiya. Shekara talatin yana gyaran amalanke da garma da ƙyaure. 'Ya'yansa suka girma suka tafi Gusau da Kaduna. Da a haka aka tsaya, da ba wanda zai ba da labarinsa.

Shekarar da aka fara kashe matafiya a hanya, wata Laraba aka kawo gawa bakwai a bayan wata motar itace. 'Yan bindiga sun tare motar haya, sun fito da mutanen, sun kwantar da su rub da ciki a kwalta, sun bi su ɗaya ɗaya. An gane huɗu. Ukun an tuɓe su, ba waya ba takarda, kuma sun kwana biyu a rana kafin a iya zuwa ɗauko su. Liman Alamin ya sallace su, aka jera su a gefen maƙabarta. Bayan wata guda wani tsoho ya zo daga Shinkafi yana cigiyar ɗansa. Ba wanda ya iya ce masa yana ciki ko ba ya ciki. Tambari na tsaye yana kallo tsohon ya bi kaburburan nan uku yana dafa kowanne da tafin hannu, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Daga nan ya koma tasha.

Ranar Tambari ya fara yankan ƙarfe. Tun daga lokacin, duk gawar da ba a san mai ita ba, kafin a sa ta a likkafani sai ya cire wani abu daga jikinta, takalmi ɗaya, ko hula, ko laya, ko yankin riga. Ya ɗaura a wata waya da ya ja daga bango zuwa bango a cikin shagonsa, ya maƙala lamba. Sannan ya yanki ƙarfe kamu uku, ya rubuta lambar da wutar walda, ya ɗora harafin Anatoli a sama, ya kafa a wajen kai. Mutane sun ɗauka wata lamba ce. Da suka tambaya ya gaya musu, sai suka riƙa ce mata alamar Rasha.

Liman ya taɓa tare shi a kan haka.

"Tambari, ka san ba a ƙawata kabari."

"Malam, dubi ƙarhen nan da kyau. Ya yi maka kama da ƙawa?"

Liman ya duba, tsohon ƙarfen gado ne duk tsatsa. Ya kama hanyarsa.

Cikin shekara shida ya kafa ƙarfe arba'in da uku. Goma sha bakwai 'yan uwansu sun zo sun gane takalmi ko hula. In an gane, sai ya kai su kan kabarin, su yi addu'a, ya tuge ƙarfen ya mayar shago, don ya gama aikinsa. Bai taɓa tambayar mamaci ko Bahaushe ne ko Bafulatani ba. Galibi ma ba abin da ya rage da za a gane hakan.

A cikin masu kawo masa aiki akwai wani makiyayi, Hammadu ɗan Usmanu, daga wata ruga ta wajen Birnin Tsaba. Shekara goma sha biyar yana kawo masa amalankensa. Mai Tara yake ce masa.

"Mai Tara, in ka ɓata mini ƙafar amalanken nan, sai na cire maka guda su koma takwas."

"Kai da ba ka san gaban kusa da bayanta ba. Shanunka sun hi ka hankali."

"Sun hi mu duka. Ka taɓa ganin saniya ta sa hannu ƙarƙashin ƙarhe?"

In ya tashi tafiya sai ya ajiye ɗan kwanon man shanu a kan benci, ya ce a kai wa Asiya. Wata rana sandarsa ta tsage daga ƙasa, ta gado ce tun ta ubansa, Tambari ya yanki bututu ya yi mata zobe ya ɗaure tsagar. Da abin ya ɓaci, 'yan bindiga suka kore wa Hammadu fiye da rabin shanunsa, shi ma. Amma a gari ba a bambancewa. Mazan Fulani suka daina shigowa kasuwa, don wanda ya shigo ba lalle ya fita ba. Shekara biyu Tambari bai sa shi a ido ba.

Wata Litinin da hantsi, ana tsakiyar girbin dawa, babura goma sha biyu suka fito daga daji suka zagaye wata gona. Mutum shida suka samu. Suka ɗaure musu hannu ta baya da igiyar damin da suke ɗaurewa, suka yanka su a kan karan da suka sare. Cikinsu akwai Misbahu, ɗan Zuhura, ƙanwar Tambari. Yayan Misbahu, Faruku, shi ne shugaban 'yan sa-kan garin, samarin da suka ɗauki bindigar toka da adda suna gadi. Shi ya ɗauko ƙanensa a kafaɗa daga gonar har gida, kan yana reto, jinin ya jiƙa masa riga har gwiwa. Bai yi kuka ba, kuma bai canza rigar ba sai bayan kwana uku.

Ran Alhamis kasuwa ta ci. Ranar Hammadu ya shigo, don 'yarsa na ta zazzaɓi da jijjiga kuma ba magani a ruga. Ya yi dabara. Ya ari doguwar riga da hula irin ta mutanen gari, ya bar malfarsa a gida, bai gaisa da kowa ba ya wuce kai tsaye wurin mai kyamis. Amma bai bar sandar ba, don tun yana ɗan shekara biyar bai taɓa tafiya ba ita ba. Yana tsaye yana jiran a ƙulla masa magani, jiki ya yi abin da ya saba. Ya ɗora sandar a bayan wuya, ya rataya hannuwa biyu a kanta, ya ɗage ƙafa ɗaya ya dafa gwiwa, tsayuwar mai kallon garke.

Wani ya gani, ya nuna wa wani.

Tambari bai ji komai ba, janareta na ruri a kunnensa. Warin taya ne ya sa ya ɗaga gilashi. Ko da ya kutsa cikin taron an gama. Sun sassare shi da adda tun daga bakin kyamis har tsakiyar 'yan tumaki, inda ya faɗi, sannan suka ɗora masa tsohuwar taya suka cinna. Fuska ba ta nan. Yatsun hannu sun ƙanƙance. Gefe guda, cikin kashin awaki, ga sanda, ga zoben bututu a ƙasanta. Mai walda ba ya manta ɗinkinsa.

Ya tsuguna ya ɗauki sandar. Faruku ya zo ya tsaya a kansa, adda a hannu.

"Kawu, wanga ba ya da suna."

"Yana da shi."

"Na ce ba ya da shi. Sa mishi alamarka ta Rasha, ka rufe. In an ji ko wane ne, an ji inda ya mutu. In an ji inda ya mutu, kai ka san abin da ka biyo baya."

"Magani ya zo saye, Faruku."

"Misbahu ma dawa ya je yanka."

Tambari ya je ya ɗauko baro. Ya aika a kira Liman, aka ce Liman ba ya jin daɗi. Ba wanda ya bi shi maƙabarta. Fatar ba ta jure cuɗawa, sai ya kwarara ruwa kawai. A abin da ya rage na aljihu ya samu kwalbar maganin yara, ta fashe ta manne da yadin. Daga baya mai kyamis ya ce masa na wata yarinya mai zazzaɓi ne. Ya haƙa shi kaɗai, ya yi kabbara huɗu shi kaɗai, ya rufe. Washegari ya kafa ƙarfe na arba'in da huɗu, da harafin a sama. Wannan ne karon farko da ya yi ƙarya da ƙarfe. Sandar kuwa bai rataye ta a waya ba. Ya cusa ta tsakanin kwano da azara a rufin shagon.

Wata biyar suka wuce. Ana gab da faɗuwar damina, wata safiya, wata mata ta zo ta tsuguna a bakin rumfarsa. Ta yafa mayafi irin na matan gari, amma ƙafafunta sun yi fari fat da tafiya, kuma Hausarta ta tona ta tun a gaisuwa. Ba ta wuce shekara talatin ba. Ta ce sunanta Rahina. Ta dubi hannunsa na dama, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, an ce kana aje kayan waɗanda sunka mutu ba a san su ba."

"Wa kike nema, ɗiyata?"

"Uban yarana."

"Mi ne sunanshi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba ni iya faɗi, Baba."

Ya san haka. Matan rugage ba sa kama sunan miji, ko da wuƙa a wuya. Ta ce ta je Zurmi, ta je Shinkafi, ta je Kasuwar Daji. Duk inda ta je sai a ɗauko biro a ce suna, ita kuma sai ta yi shiru, sai a ce ta tashi ta ba mutane wuri. Ba namijin da zai rako ta ya faɗa a madadinta, don ba wanda zai shigo gari ya fita. Ta ce 'yan uwanta za su ƙetara Nijar da sauran dabbobi kafin ruwa ya sauka, suna so su tafi da ita da yaran. Dangin mijin sun ce matar ɗansu ba ta zuwa ko'ina, tunda ba wanda ya ce ya mutu. Malamin rugarsu ya ce in ba a samu wanda ya ga gawa ba, sai ta kai magana gaban alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Rugar kuwa saura gida uku, kowa na tashi.

"Ni ba ƙara niz zo kawowa ba, Baba. So nike in san ko in shiga takaba ko in ci gaba da jira."

Tambari ya tashi ya nuna mata wayar. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta juya kowane takalmi ta dubi ƙasansa, ta shinshina wata hula. Ashirin da shida ne, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shi yana tsaye ya ba ta baya, yana goge wani ƙarfen da ba ya bukatar guga.

"Babu," in ji ta. "Allah shi saka da alheri, Baba."

Ta gyara mayafi ta juya. Ta kai bakin rumfa. Tun da ta dubi hannunsa ya gane ko matar wa ce, kuma da ya bar ta ta yi taku uku, da shi ke nan. Amma wata biyar abu ɗaya na cin sa, kuma ya fito kafin ya tare shi.

"Yarinyar ta samu sauƙi?"

Ta tsaya. Ba ta juyo da sauri ba.

"Ban ce maka yarinya ba ta da lahiya ba, Baba."

Ya ajiye abin gugar.

"Ta rasu," in ji ta. "Kwana biyu bayan tahiyarshi."

Ya jawo benci ya hau, ya sa hannu a rufin, ya zaro sandar. Ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa zoben, ta shafa inda tafin hannu ya cinye itacen. Ba ta yi kuka ba.

"Sanda na iya faɗuwa a hanya," ta ce. "Dangi za su ce haka. Kai ka gan shi?"

Kafin ya buɗe baki inuwa ta rufe ƙofar. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi tun shigowarta ya aika a gaya wa Faruku cewa ga Bafulatana a shagon kawunsa. Faruku ne da mutum huɗu, biyu da bindiga. Ya dubi sandar, ya dubi matar, sannan ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Kawu, gaya mata a hanya ka tsince ta. Ta ɗauki abinta ta tahi lahiya, ba mai taɓa ta."

Tambari ya mayar da bencin wurinsa.

"Tana da 'yan uwa, kuma ba ka san ina suke kwana ba. Ta koma ta faɗi, magana ta kai daji kahin la'asar. Yara nawa ag garin ga, Kawu? Kai ka haƙa kabarin Misbahu. Kana son ƙari?"

Wani daga baya ya ce, "Tsohon ga ƙarhe ya cinye mishi kai tare da yatsa."

Ba wanda ya yi dariya. Tambari ya san Faruku ba ƙarya yake yi ba. Ya san yadda magana ke tafiya, ya san yadda babura ke zuwa, ya wanke abin da suke bari. Ya dubi matar. Tana tsugune, ta rungume sandar, idonta a kan bakinsa. Duk rayuwarsa hannu ne ke yi masa magana, yau kuma ba abin da hannu zai iya. Ko ya kai ta kan kabarin, ƙarfen da ke can cewa yake ba a san mai shi ba.

"Hammadu ɗan Usmanu ya rasu," ya ce, da ƙarfin da na waje za su ji. "Ran Alhamis, cikin watan girbin dawa, nan garin. Ni na ɗauke shi, ni na wanke shi, ni na yi mishi salla, ni na rufe shi. Kowa ya tambaye ki, ki ce Tambari mai walda ya shaida, kuma zai maimaita gaban kowane alƙali."

Rahina ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, ta zare awarwaro biyu daga hannu, ta ƙulle su a bakin zane. Nan take, a kan ƙasar shagon, takabarta ta fara.

"Mi za ki ce musu?" in ji Tambari.

"Ya rasu, an yi mishi sutura."

"In sunka ce wa ya kashe shi?"

"Za su tambaya," ta ce.

Gindin bindiga ya sami Tambari a ƙeya. Ya faɗi kan tulin ƙarafa, wani ƙarfe ya yanke shi a goshi. Suka ja shi waje da ƙafa. Suka tattaka shi a ciki da haƙarƙari har ya yi aman jini. Ɗaya ya taka masa wuyan hannun dama a kan guntun ƙarfen layin dogo da yake daddaƙa ƙarfe a kai, ɗaya ya ɗauki gudumarsa ya sauke sau uku. An ji ƙarar ƙashin har rumfar mai shayi. Faruku bai sa hannu ba. Yana tsaye ya juya fuska wajen kasuwa, sai da aka yi na ukun ya ce ya isa.

Da suka waiwaya neman matar, ba ta nan. Asiya, wadda ta kawo wa mijinta kunu ta tarar da abin, ba ta tsaya ihu ba. Ta kama hannun Rahina ta ja ta ta bayan rumfa, ta shigar da ita gidan farko, matan gidan suka miƙa ta gida na gaba ta kan katanga, haka har bakin gonaki. Samarin suka bi gida gida suna tambaya, kowace mata ta ce ita daka take yi, ba ta ga kowa ba.

Kwana goma sha tara bayan haka, da hantsi, suka zo. Sun fi babur talatin. Suka shigo ta gabas suna harbi, suka cinna wa rumbuna wuta, suka bi mutane har cikin ɗakuna. Mutum goma sha ɗaya suka kashe, har da mai facin, har da wata yarinya da harsashi ya samu a bayan uwarta. An taɓa kawo wa garin hari sau huɗu kafin wannan, ba tare da bakin kowa ba, kuma a makon an shiga ƙauyuka biyu na kusa. Amma a Tungar Marke ba wanda ya tsaya wannan lissafin. An ce bakin Tambari ne. Shi kansa bai taɓa cewa ba shi ba ne, don bai sani ba.

Ya fito da hannu a ɗaure a wuya ya nufi maƙabarta. Ƙanwarsa Zuhura ce ta tare shi a hanya, ta ce ya koma, in yana da sauran kunya. Bai koma ba, bai kuma shiga ba. Ya tsaya a bayan shingen ƙaya, da liman ya yi kabbara ya bi daga nan. Duk goma sha ɗayan ya san su, ya san iyayensu.

Kafin sati ya zagayo shi da Asiya suka tashi zuwa Ƙaura. Hannun ya warke a karkace, ba ya damƙuwa, walda ta ƙare. Yanzu yana zaune a wani shagon gwangwan kusa da tsohuwar tashar jirgi, yana ware ƙarfe da dalma da hannun hagu. Mutanen Tungar Marke in sun zo Ƙaura sukan canza hanya in sun hango shi.

Bayan kaka wani dillalin shanu da ke zuwa bakin iyaka ya tsaya a shagon, ya tambayi ko shi ne Tambari. Ya ce wata mata ta ce in ya ga mai walda a gaya masa ta fita takaba, tana wurin 'yan uwanta a ƙetare.

"Da yaran?" in ji Tambari.

"Da biyu na gan ta."

"Su ke nan da sunka rage," ya ce. Ya matsa wa dillalin a kan benci, ya ce a kawo masa ruwa.